Darasi Na 14: Taswira Da Tafiya Cikin Duwatsu

Ƙasarmu ta Rano da Kibiya ƙasar duwatsu ce. Mutumin Zurgu ya san duwatsun da ke bayan gidansa sarai. Amma in ya yi nisa, ko kuwa hazo ya sauko da hunturu, sai duwatsu duk su zama kama ɗaya. Nan ne makiyayi kan ɓata, mai neman itace ya kwana a daji ba ruwa. Taswira maganin wannan ce.

Taswira hoton ƙasa ce, kamar yadda shaho ke ganinta daga sama. Saman takarda arewa ne, ƙasanta kudu, dama gabas, hagu yamma. In mun sa yatsa a kan Rano, Kano na sama, Kibiya na dama. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama a 1974, tana hagu, ƙasa-ƙasa.

Abu na fari, mu juya takardar har samanta ya dubi arewa ta gaske. Wanda bai yi haka ba, taswira za ta kai shi inda bai nufa ba. To, ƙaƙa za mu san arewa? Da safe mu sa hannun dama wajen fitowar rana, fuskarmu na duban arewa ke nan. Da hunturu, in rana ta yi tsaka, inuwarmu arewa ta ke nunawa. Amma a watan Yuni kudu ta kan karkata, sai mu lura. Masallaci ma malami ne, gama alƙiblarmu gabas ce mai ɗan karkata arewa.

Abu na biyu, layukan tudu. Waɗannan layuka ne masu ruwan ƙasa. Kowane layi ya bi wuraren da tsayinsu ɗaya ne. Mu kife ƙwarya, mu ɗaura mata zare uku, ɗaya bisa ɗaya, sa'an nan mu dube ta daga sama. Haka dutse ya ke a taswira. Inda layukan suka matsu, hawa ya yi tsaye, jaki da kaya ba ya iyawa. Inda suka buɗe, hawa da sauƙi. Shuɗin layi kuwa rafi ne.

Abu na uku, awo. A taswirar da aka rubuta wa 1:50,000, santimita 2 a takarda kilomita 1 ne a ƙasa. Kilomita 8 kuwa mil 5 ne. Mu kwantar da zare bisa hanya, ya bi lanƙwasarta duka, sa'an nan mu auna zaren. Amma fa hanyar da ta fi gajarta a takarda ba kullum ta fi sauri a ƙafa ba. In ta ratsa layuka matsattsu, gara mu kewaye. Hanyar lafiya, a bi ta da shekara.

In muna tafiya, mu zaɓi alamu biyu waɗanda ba su motsi, kamar ƙoƙuwar dutse da mahaɗar rafi, mu neme su a takarda. Mu riƙa waiwaye, don dutse kan sake kama in an dube shi daga baya. In hanya ta rikice mana, kada mu ƙara gaba. Mu koma alamar ƙarshe da muka tabbata da ita. Da damina kada mu bi cikin ƙorama ko ta bushe, don ruwan da aka yi a kan dutse kan sauko farat ɗaya. Kafin mu fita kuma, lalle mu gaya wa na gida inda muka nufa.

Tambayoyi
1. Wane gefen taswira ne arewa?
2. Layuka matsattsu me su ke nunawa?
3. Santimita 6 kilomita nawa ne a ƙasa?

Aiki: Kowa ya zana hanya daga gidansa zuwa aji, ya sa alamu biyu, ya nuna arewa da kibiya.