Maganin Ciyawa a Gida, Ba Sai An Sayi Guba Ba

Duk wanda ya taɓa noma a ƙasar Gwiwa ko Roni ya san cewa da ruwan farko ya sauka a watan Yuni, ciyawa ce ke rigan shuka fitowa. Ƙarangiya, harƙiya, burburwa da tsidau, duk kun san su, musamman ku da kuke zuwa lambun makaranta ba takalmi. Mutane da yawa yanzu sai su ruga kasuwar Kazaure su sayo maganin feshi. Yana aiki, amma da tsada, kuma a ɗan lambun tumatir da alayyafo haɗarinsa ya fi amfaninsa. To, me muke da shi a gida?

Abu na farko shi ne lokaci. Ciyawar da aka nome tana da ganye biyu ko uku, da safe, rana za ta kashe ta kafin la'asar. Wadda aka bari ta yi iri kuwa, an shuka wa kai aikin baɗi ke nan. Bayan noman fari, a rufe bakin shuka da busasshen kara, ƙaiƙayin gero ko ganyen darbejiya, kaurin yatsu huɗu. Irin ciyawa da yawa ba ya tsira in bai ga haske ba, ga shi kuma ƙasa za ta riƙe laima. Sai dai a riƙa dubawa saboda gara.

Tafasasshen ruwa yana kashe ciyawar da ke bakin hanya ko gindin katanga. Gishiri ma yana kashewa, amma ban yarda da shi ba ko kaɗan: yana zama a ƙasa, ya hana shukarka ma tashi. Jiji kuwa, mai 'ya'ya a ƙarƙashin ƙasa kamar aya, yankan ganyensa ɓata lokaci ne. A kafce wurin da bazara, a tsince 'ya'yan, sauran a bar wa zafin rana.

Babbar abokiyar gabarmu ita ce wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji. Wannan ba ciyawa ba ce kamar saura, ƙaska ce. Irinta ƙanana ne kamar ƙura, tsiro ɗaya yana zubar da dubbai, kuma yana iya kwana a ƙasa fiye da shekara 10 yana jira. Ba ya tsira sai ya ji wani ruwa da saiwar gero, dawa ko masara ke fitarwa. Daga nan sai ya manne wa saiwar yana tsotse abincinta. Kafin ka ga furen nan mai ruwan hoda, ɓarnar ta riga ta yi nisa.

Maganinta uku ne, kuma babu na saye. A tuge ta da hannu da zarar ta fara fure, a tara a ƙone. Kada a jefar a kunya, domin irin zai ƙarasa nuna a nan, kada kuma a ba dabbobi. Na biyu, a yaudare ta. Saiwar waken soya, gyaɗa da auduga tana sa irin ya tsira, amma ba ya samun abin kamawa, sai ya mutu. Don haka a riƙa juya shuka. A lura, wake yana da tasa wuta-wutar dabam. Masu bincike na Samaru a Zariya da na IITA a Kano sun fitar da iri mai jure mata, kamar SAMPEA 10 na 2008. Na uku, taki. Wuta-wuta ta fi ƙarfi a gajiyayyiyar ƙasa mai yashi, irin wadda aka noma gero shekara da shekaru ba hutu.

Amma takin ma a yi hattara. Ɗanyen kashin awaki cike yake da irin ciyawa. A zuba shi a rami da shara da toka, a yayyafa ruwa, a juya bayan kowane mako biyu, har wata uku. Zafin ruɓewa yana kashe yawancin irin.

Tafasa, lalo da gasaya kuwa, in kun tuge su, ku kai madafa. Uwayenmu ba su taɓa lissafa su cikin ciyawa ba.