Darasin kiwon lafiya: zama da ciwon amosanin jini

Idan hunturu ya shigo, wasu gidaje ba su barci. Yaro ya kwana yana kuka, hannu da ƙafa da baya suna yi masa zogi kamar ana sara. Wani ya ce sammu ne, wani ya ce iskoki. Sau da yawa kuwa amosanin jini ne, wanda ake kira sikila.

Mafarin ciwon

Gadonsa ake yi daga uwa da uba. Ba a ɗaukarsa wajen cin tuwo ko kwana ɗaki ɗaya. Ƙwayar jinin mai lafiya kewayayya ce, tana kwana 120 a jiki. Ta mai amosani takan lanƙwashe kamar lauje, ba ta wuce kwana 20. In ƙwayoyin suka toshe ƙananan hanyoyin jini, sai zogi ya taso. Sanyi, ƙishirwa, masassara da aikin wahala su ne ke tayar da shi.

Zaman yau da kullum

Mai ciwon ya riƙa shan ruwa mai tsabta da yawa, tun ƙishirwa ba ta kama shi ba. Ya kwana cikin gidan sauro. Da hunturu ya rufe jiki, ya yi wanka da ruwan ɗumi. A gona a ba shi aiki marar nauyi, ya huta a inuwa. Ba raggo ba ne, jininsa ne kaɗan. Yaro kuma kada a cire shi daga lakwal.

In zogi ya taso

A kwantar da shi, a rufe shi, a ba shi ruwa. A gasa wurin da tsumma mai ɗumi, a shafa a hankali. A ba shi farasitamol yadda likita ya faɗa. Kada a yi tsaga ko ƙaho, kada a sayi ƙwaya a kan tire. A zauna kusa da shi ana hira, don kaɗaici yana ƙara ciwo.

Ranar da ba a jira

Jiki ya yi zafi, ƙirji na ciwo, numfashi na wuya, tafin hannu ya yi fari, ciki ya kumbura, ko ɓarin jiki ya mutu: a kai shi gidan likita nan take, ko da tsakar dare ne.

Kafin aure, saurayi da budurwa su je awon jini. In dukansu suna ɗauke da irin ciwon, kowane ciki yana da kashi 1 cikin 4 na zuwa da shi. A Yamai akwai cibiyar ƙasa ta masu wannan ciwo.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa 4 ke tayar da zogi?
2. Yaushe ake kai marar lafiya likita ba jira?