Kafin Ka Sayi Akori-Kura

Samari, na lura idan Allah ya hore wa ɗayanku ɗan jari, ya ƙudura sayen akori-kura don ɗauko kaya daga ƙauye zuwa kasuwa, abin da ke fara ɗaukar hankalinsa shi ne shekarar motar da kyan fuskarta. Da za ku ji tawa, da wata tambaya kuka fara: ranar da motar nan ta mace a tsakiyar hanya, da buhunan mutane a bayanta, wa zai tashe ta, kuma a kwana nawa? Duk ranar da motar aiki ta kwana a gareji ba ta kawo komai gida. Amma mai ita zai ci abinci, yaron mota zai ci, wanda aka ranci kuɗi a hannunsa kuma yana ƙirga kwanaki.

Bari in faro muku daga motocin da muka tashi muka gani. Kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri, Kaduna, a 1975, kuma daga nan 404 da 504 suka cika ƙasar nan. An ci gaba da haɗa 504 a Kaduna har tsakiyar shekarun 2000, alhali a Faransa an daɗe da barin ƙera ta. Je ka kasuwar ƙauye ranar cinta, har yau za ka tarar da akori-kurar 504 ta girmi direbanta, fenti ya koɗe, ƙofa sai an ɗaga ta kafin ta rufu, amma ta shigo da gero da awaki, za ta kuma fita da gishiri da kwanon rufi. Ba wani sirri ne ya raya ta ba. Komai nata a fili yake. Idan ta fara shaƙewa, bakanike zai zauna a inuwar dalbejiya, ya kwance kafireta, ya wanke ta da fetur a cikin gwangwani, ya sa baki ya hure 'yar ƙofar da mai ke bi, ya mayar, ya ce a murza makulli. Idan batir ya yi sanyi, mutum huɗu su tura, direba ya saka giya ta biyu ya saki kuloci, ta tashi. Kayan gyaranta kuwa, daga Ƙofar Ruwa a Kano har Panteka a Kaduna, da wuya ka nemi abu ka rasa, ko sabo ko na hannu.

Haka abin yake ga tsofaffin Toyota. An fara ƙera Hilux a 1968, kuma masu injin dizal na da, irin su 2L da 3L da 5L, ba su da wani ƙarfin a-zo-a-gani. A kan kwalta ƙaramar mota za ta wuce su ta bar su da ƙura. Sai dai famfon da ke ba su mai na ƙarfe ne zalla, inji ke juya shi, babu kwamfutar da ke ba shi umarni, don haka suna haƙuri da man da bai cika tsabta ba. Babbar yayarsu, Land Cruiser jerin 70, ta fito a 1984, kuma har yanzu kamfanin bai daina ƙera ta ba, domin masu aiki a sahara da wuraren haƙar ma'adinai sun ƙi rabuwa da ita. Wanda ya taɓa bin hanyar Agadez ya san dalili. A 1987 ma, yaƙin da Chadi ta yi da Libiya sunan Toyota aka laƙaba masa, saboda da irin waɗannan motoci sojojin Chadi suka riƙa keta rairayi. Ba na kawo wannan don yabon yaƙi ba, Allah ya kiyashe mu da shi. Ina so ne ku ga irin ƙasar da aka gwada motocin nan a cikinta.

Sabbin kuma fa? Daga wajen 2004 Hilux ta koma wani tsari na dizal, inda famfo ke tara mai a bututu guda da matsi mai tsanani ƙwarai, ninkin-ba-ninkin na tsohon inji, kwamfuta kuma ta riƙa buɗe kowane injekta a daidai lokacinsa. Wannan ne ya sa inji mai lita 2.4 na yau ya fi tsohon mai lita 3 ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma bai kai shi shan mai ba. Hikima ce babba, kada wani ya ce muku ba ci gaba ba ne. Amma ƙofofin injektan nan sun yi ƙanƙantar da ɗan ruwa ko ɗan ƙasa a cikin mai ya isa ya lalata su. Ku kuma kun san inda mai akori-kura ke shan mai idan ya yi nisa da gari: a jarka, a bakin hanya, wurin 'yan bumburutu, jarkar da ba ka san me aka zuba a cikinta jiya ba. Tsohon inji zai yi tari ya wuce. Sabo zai kunna maka fitila a gaban sitiyari, ya rage wa kansa ƙarfi, ka dawo gida kana rarrafe, ko a jawo ka. Daga nan sai neman mai na'urar da ake jonawa ta karanta matsalar, wanda galibi sai a babban gari, sannan a sayo kayan da farashinsu ke bin dala.

Kada ku ɗauka ina cewa ku guji sabuwar mota. Akwai aikin da ita ce daidai da shi. Wanda zai riƙa zirga-zirga tsakanin Kano da Abuja ko Legas a kan kwalta, yana shan mai a gidajen mai sanannu, sabuwa ta fi masa: ba ta gajiyar da jiki, ba ta tsayawa kowane mako, mai kuma yana yi mata auki. Wanda ke neman ba da hayar mota ga kamfanin gine-gine ko ƙungiyar agaji, su ma ba za su karɓi tsohuwa ba. Akwai kuma abin da ya fi waɗannan duka nauyi a wurina, wato rai. Sabuwar mota tana da birkin da ba ya kulle taya idan an taka shi da ƙarfi, tana da jakar iska, an kuma tsara gabanta ya lanƙwashe ya shanye ƙarfin karo kafin ya iso ga direba. Sau da yawa nakan ji ana yabon tsohuwar mota wai ƙarfenta ya fi kauri, ko ta yi karo ba ta lotsewa. Ku yi hattara da wannan magana. Ƙarfin da ƙarfe bai shanye ba, ƙirjin mutum ne ke shanye shi.

Sai lissafin mai. Tun da aka janye tallafin fetur a Najeriya a watan Mayu na 2023, tsohuwar mota mai kafireta ta zama abin da sai an yi mata lissafi da biro da takarda. A da shan manta bai dami kowa ba. Yanzu mai na iya cinye rabin abin da aka samo a zuwa ɗaya. Kafin ka biya kuɗin mota, cika tankinta, ka yi lodi irin wanda za ka riƙa yi, ka bi hanyar da za ka riƙa bi, ka dawo ka sake cikawa ka ga lita nawa ta sha. Mai sayarwa na gaskiya ba zai hana ka ba, in dai kai za ka biya man.

Idan lissafi ya kai ka ga tsohuwa, kuma ina jin mafi yawanku nan zai kai ku, to sai ka natsu. Kada ka je ganin mota da rana tsaka bayan an riga an ɗumama ta. Je da sassafe, ka ɗora hannu a kan inji ka tabbatar da sanyi yake, sannan a tayar a gabanka. Tsaya ta baya ka kalli salansa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi alama ce inji na ƙona baƙin mai. Farin hayaƙi mai kauri da bai ɗauke ba bayan inji ya yi zafi, sau da yawa ruwa ne ke shiga inda bai kamata ba. Buɗe murfin da ake zuba baƙin mai, ka duba cikinsa. Idan ka ga wani abu fari-fari mai yauƙi ya manne, ruwa da mai sun haɗu. Bayan nan shimfiɗa buhu ka kwanta a ƙarƙashinta da tocila. Bi shasi daga gaba har baya, musamman wajen da sifirin na baya ke kamawa, kana neman tsatsa da tabon walda. Motocin da aka shigo da su daga ƙasashen sanyi sukan zo da tsatsa a ciki, saboda gishirin da ake watsawa a titunansu lokacin ƙanƙara, fenti kuma yana rufe abubuwa da yawa. Inji ana sauya shi, giya ana sauya ta, amma shasin da ya taɓa karyewa aka ɗinke shi ba ya komawa yadda yake. Lambar tafiyar da ke jikin agogo kada ta ruɗe ka, ana mayar da ita baya. Dubi yadda robar birki da ta kuloci suka suɗe, su ba su iya ƙarya ba. Takardun kwastan da na mallaka kuwa, a gwada lambar da ke cikinsu da wadda ke jikin shasi, harafi da harafi.

Ka tafi da bakanikenka, wanda zai riƙa gyara maka ita, ba wanda dillali ya kawo ba. Kuma kada ka zuba duk jarinka a kuɗin saye. Ajiye wani kaso mai kauri, domin watan farko na tsohuwar mota watan kashe kuɗi ne: taya, birki, batir, lagireto, da bel ɗin taimin idan injin mai bel ne, tunda ba ka san yaushe aka sauya shi ba, kuma in ya tsinke ana cikin tafiya yakan tafi da inji. Kowa ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa. A kan taya, akwai lambobi huɗu a gefenta da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta. 2318, misali, mako na 23 ne na 2018. Tayar gwanjo tana iya zuwa da zane mai kyau alhali robar ta tsufa ta bushe, kuma zafin kwaltar watan Afrilu ba ya yi mata uzuri.

Wani abu da nake gani a wurinku shi ne son mai ƙofa huɗu. Na gane, tana da kwarjini, ana shiga da ita biki. Amma kujerun bayan nan daga wurin kaya aka yanko su. Bayan mai ƙofa huɗu kimanin mita ɗaya da rabi ne, na mai ƙofa biyu kuwa ya haura mita biyu. In kaya za ka ɗauka, to wurin kaya kake saye.

Yanzu ga maganar da na fi so ku riƙe, don ita ce ke hana ni barci idan na ji labarin hatsari a hanyar kasuwa. Yawancin akori-kura an yi su ne su ɗauki abin da bai wuce tan ɗaya ba, wato kimanin buhu goma na masara mai kilo 100. Mu kuwa sai a loda ashirin, a je wurin mai walda a ƙara ganyen sifirin don kada bayan ya zauna, sannan mutane su hau kan buhunan, mata da goyo, tsofaffi, yara, ƙafafu na reto. Ƙarin sifirin yana ɗaga mota, amma bai ƙara wa birki komai ba, bai ƙara wa taya ba, bai ƙara wa ƙarfen da ke juya ƙafafun baya ba. Kaya in sun yi tsayi, nauyi ya koma sama, kwana ɗaya mai kaifi ko rami ɗaya ya isa ya kifar da ita. Na san abin da za ku ce: mai ya yi tsada, in ba a cika ba ba a fita, mutanen kuma su ke roƙo a ɗauke su don babu wata motar. Gaskiya ne, ban raina wannan uzuri ba. Amma wanda ya hau bayan motarka amana ya ba ka, kuma ba shi da bel, ba shi da rufi, ba shi da abin riƙewa sai igiyar da aka ɗaure kaya. In dole ta sa ka ɗauki mutane, rage kayan, su zauna a cikin bodi ba a kan lodi ba, ka kuma rage gudu. Juriyar tsohuwar mota ce ke yaudararmu. Don ta ɗauka jiya ta kai lafiya, sai mu ɗauka haka za ta yi kullum.

Ku da kuke koyon gyara a gareji, ina da kalma gare ku. Ku koyi kafireta da tsohon famfon dizal da kyau a hannun iyayen gidanku, don motocin nan za su daɗe suna ciyar da ƙauyuka. Amma kayan gyaransu na asali suna ƙaranci, jabu na ƙaruwa, kuma motar da ake kira sabuwa yau ita ce tsohuwar da ƙannenku za su saya nan da shekara goma sha biyar. Ranar da ta iso kasuwar ƙauye, za ta zo da kwamfutarta da wayoyinta, dole kuma a sami wanda ya san su a kusa. Wanda ya samu dama a cikinku ya koyi karatun na'urar gano matsala da aikin wayoyin mota, ko da zai yi shekara guda a Kano ko Kaduna yana yi wa wani hidima, sannan ya dawo ya buɗe wurinsa a garinsu.