Jirgin Ƙaura

Ku ɗauko taswira, ku nemi garinmu Tagris a ƙasar Dakwaro. To, ku bi da yatsa kudu, ku wuce Tsibiri da Maraɗi, ku ƙetare iyaka. A can za ku ga wani baƙin layi mai kama da tsani. Wannan ita ce alamar hanyar jirgin ƙasa. Hanyar ta taso daga Ikko, a bakin teku, ta iso Kano a shekara ta 1911. Daga Zariya wani reshe ya rabu, ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya tsaya a Ƙaura Namoda a 1929. Daga nan bai ƙara gaba ba.

Jirgi bai taɓa zuwa garinmu ba. Amma ya shigo gidajen kakanninmu, ta hanyar kayan da suka saya da waɗanda suka sayar. A wancan zamani Ƙaura ita ce tashar jirgi mafi kusa da Gobir. Kakana ya je ta sau da yawa tun yana saurayi, kafin Nijar ta sami ƴancin kai a 1960. Abin da na ji daga bakinsa shi zan faɗa muku.

A nan arewa gujiya ba ta yi sosai. (Mutanen Kano gyaɗa suke ce mata.) Abin da muke da shi, raƙuma ne. In an gama kaka, sai samari su bi ayarin Kel Geres zuwa kudu da fatu da kantun gishiri. A Gobir sai su yi jinga da masu gujiya, su ɗora wa kowane raƙumi buhu biyu. Su bi ta Sabon Birni, da Isa, da Shinkafi. Kakana ya ce daga gida zuwa Ƙaura sukan yi kwana goma ko fiye.

Tun ba su ga gari ba suke jin kukan jirgi. Ranar farko raƙumarsa ta firgita, ta zubar da kaya, shi ma da ƙyar ya tsaya. Kan jirgin baƙi ne wuluk, yana fitar da hayaƙi. Abincinsa kwal ne, wani baƙin dutse mai cin wuta da ake haƙowa a Inugu. Wuta ta tafasa ruwa, tururi ya tura ƙafafu, ƙafafu su gudu bisa ƙarfe biyu. Abin da ayari guda ya kwana goma yana ɗauka, tarago ɗaya ba ya cika da shi.

Garin kamar kashi biyu ne. Akwai tsohon gari, inda sarki yake. Akwai kuma wajen tasha da Sabon Gari, inda baƙi suka zauna: Yarabawa, da Ibo, da Nufawa, da mutanenmu na ƙasar Faransi. Matafiyi yakan sauka gidan fatoma. Fatoma shi ke ba shi ɗaki, ya nuna masa inda zai ɗaure dabbobi, ya haɗa shi da dillali.

Da asuba titin tasha ya cika. Ƴan ga-ruwa suna gudu da garwa biyu a sanda. Ƴan dako suna hawa katako da buhu a ka, suna waƙa don su rage nauyi. Ƴan mata suna tallan ƙosai da fura. Ga wanzami a gindin bedi, ga tela da kekensa a bakin rumfa, ga ɗan koli ya baza allura da madubi da turare. Da dare mai tsire ya kunna aci-balbal.

Sai kantuna. Ku lura, kantu daban, kanti daban. Kantu na gishirin Bilma ne, kanti kuwa babban shago ne mai rufin kwano. Kamfanonin Turawa irin su John Holt da UAC sun buɗe kantuna a garuruwan da jirgi ke tsayawa. A ciki akwai akoko da alawayyo da atamfa, da kananzir, da ashana, da sabulu, da sukari, da langa mai zanen fure. Goro ma jirgi ke kawo shi daga kudu cikin ƴan kwanaki, alhali a da fatake sukan yi watanni a hanyar Gwanja kafin su iso da shi. Langar da kakata ta jera a ɗakinta daga Ƙaura ta zo. Har yanzu tana nan, bakinta ya ɗan ɓalle.

A ƙofar kanti ake ajiye sikeli. Nan ne wurin da kakana bai taɓa mantawa ba. Za a ɗora buhu, akawu ya leƙa sikeli, ya rubuta a takarda, ya faɗi kuɗi. Mai kaya bai san lamba ba, bai san abin da aka rubuta ba. Wata shekara aka auna masa kaya, ya ga kuɗin bai kai na bara ba, ga shi buhunan sun fi cika. Ya yi magana, aka ce masa: "Ga takarda, karanta." Ya juya takardar sama da ƙasa, ya sa a aljihu. Mai gujiyar da ya yi jinga da shi bai yarda ba, ya zaci kakana ne ya rage. Sai da ya sayar da akuya biyu ya cika masa. Ban ce duk akawu macuci ne ba. Amma wanda ya ga dama ya yi cuta, babu mai kama shi.

Kuɗin ma wani aiki ne. A wajenmu tamma da dala ake ƙirgawa, dala ɗaya tamma biyar. A Ƙaura kuwa kuɗin Ingilishi ne: anini goma kwabo ɗaya, kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya. Anini da kwabo suna da huda a tsakiya, ana zura su a igiya. Sai a 1973 Nijeriya ta koma naira.

Faransawa ba su ji daɗin yadda gujiyar Nijar ke bi ta ƙasar Ingilishi ba. A 1953 suka shirya manyan motoci su riƙa kai ta Paraku, a ƙasar Dahome, wadda ake kira Benin yau, inda jirginsu na Kwatanu yake tsayawa. Suka sa wa shirin suna Hirondelle, wato tsattsewa, tsuntsuwar nan mai kai da kawowa. Mota ta karɓe aikin raƙumi sannu a hankali. Farin 1973 da 1974 ya karya noman gujiya, ya kashe dabbobi masu yawa. Kaya suka ragu a tashar Ƙaura, kakana bai sake komawa ba.

A 2016 an gama shimfiɗa ƙarfe daga Yamai zuwa Doso, amma jirgi bai kama jigila a kai ba. A 2021 kuma aka soma aikin wata hanya mai kilomita 284, daga Kano ta Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi. Ku nemi waɗannan garuruwa a taswira.

Tambayoyi

1. A wace shekara jirgi ya iso Ƙaura Namoda?
2. Mene ne aikin fatoma?
3. Me ya sa kakan malam ya sayar da akuyoyinsa?
4. Mutum ya sayi akoko sule 7, da langa sule 4 da kwabo 6. Ya ba da fam ɗaya. Nawa za a mayar masa?

Aikin gida

Ku tambayi wani tsoho ko tsohuwa a unguwarku: wane kaya ne ya fi daɗewa a gidansu, daga wace kasuwa ya zo, wa ya kawo shi? Ku rubuta amsar cikin layi biyar da Hausa. Gobe za mu juya ta da Faransanci.