Amsoshin Tambayoyinku: Matuƙin Jirgi Zai Koma Briqueterie, Ina Zai Nemi Aiki?

Tambaya: Ni haifaffen unguwar Briqueterie ne a Yawunde, amma a Zariya na koyi tuƙin jirgin sama, lasisina kuma na Najeriya ne. Na yi 'yan shekaru ina koyar da ɗalibai, awoyina sun kai wajen 700. Yanzu jikin mahaifiyata ya yi rauni, ina so in koma kusa da ita. Burina in samu aiki a jiragen shata ko jirgin wani kamfani. Na aika takardu ta intanet, shiru kake ji. Ta ina zan fara?

Amsa: Allah ya ba Hajiya lafiya, ya saka maka da alheri kan wannan niyya. Shirun da ka ji kada ya karya maka gwiwa. Aikin jiragen shata ba kasafai ake tallarsa ba. Kamfani mai jirgi biyu ko uku, in kujera ta samu, shugaban matuƙansa yakan tambayi abokan aiki ne wa suka sani wanda takardunsa suka cika, wanda zai iya tashi a makon nan. Don haka abu biyu ne a gabanka: takardunka su zama a shirye, kuma masu ɗauka su san fuskarka.

Mu fara da lasisi. A ƙa'idar Yarjejeniyar Chicago ta 1944, ƙasar da aka yi wa jirgi rajista ita ce ke ba matuƙinsa lasisi, ko ta amince da wanda ya zo da shi. Dubi wutsiyar jirgi: in lambarsa ta fara da TJ na Kamaru ne, 5N na Najeriya, 5U na Nijar, TT na Chadi. Lasisinka na hukumar NCAA ta Najeriya yana aiki a kan 5N, ko da jirgin a Duwala yake kwana. In TJ ne, sai ka bi ta hukumar sufurin jiragen sama ta Kamaru, wato CCAA, wadda hedikwatarta ke nan Yawunde. Hanya biyu ce: ko ta ba ka takardar amincewa ta ɗan lokaci, wadda wa'adinta ba ya wuce na lasisinka na asali, ko ta sauya maka shi zuwa na Kamaru. Tunda zama za ka yi, sauyawar ta fi maka. Hukumomi galibi sukan rubuta wa takwarorinsu su tabbatar da ingancin lasisi, sukan kuma nemi jarrabawar dokokin sama da gwajin lafiya a wurin likitan da suka yarda da shi. Wasiƙar tabbatarwar nan ita ke cin lokaci, saboda haka ka fara bin ta tun kana Najeriya, inda za ka iya shiga ofis da ƙafarka. Ka zo da littafin awoyinka da hatimin makaranta a kai, da shaidar lafiya mai daraja ta ɗaya wadda ba ta kusa ƙarewa ba, da shaidar Turancin matuƙa mataki na 4 ko sama. Kasancewarka ɗan ƙasa ya ɗauke maka wani nauyi: baƙo, ko da ɗan Najeriya ne, sai ya samu katin zama, kuma sai gwamnati ta sa hannu a kwantiraginsa kafin ya fara aiki, domin Kamaru ba ta cikin ECOWAS.

Sai inda jiragen suke. Yawunde garin gwamnati ne, Duwala garin kasuwa. Filin Nsimalen, mai nisan kilomita ashirin da wani abu kudu da gari, yana karɓar jiragen fasinja da na manyan baƙi, tsohon filin cikin gari kuwa na sojan sama ne. Amma manyan kamfanoni, da masu harkar mai, da jirage masu saukar ungulu da ke kai ma'aikata rijiyoyin cikin teku, akasarinsu a Duwala suke. Camair-Co ma, wanda ya fara tashi a 2011 bayan durƙushewar Cameroon Airlines a 2008, can ne cibiyarsa. Tsakanin garuruwan biyu wajen kilomita 240 ne, ga mota ga jirgin ƙasa. Ka sanar da Hajiya tun yanzu cewa mai yiwuwa gidanka na Briqueterie, aikinka na Duwala, kana zuwa kana dawowa. Matuƙa da yawa haka suke rayuwa.

Su wa ke ɗaukar shata? Na farko masu mai. Bututun da ya taso daga Doba a Chadi zuwa Kribi, mai tsawon kilomita 1,070, wanda ya fara aiki a 2003, ya ratsa daji, kuma da ƙananan jirage ake kai ma'aikata wasu tashoshinsa. Na biyu ƙungiyoyin agaji. Tun 2015 Hukumar Abinci ta Duniya ke gudanar da jiragen UNHAS na Majalisar Ɗinkin Duniya a Kamaru, suna ɗaukar ma'aikatan agaji daga Yawunde zuwa Marwa da Njamena. Sai masu gonakin ayaba na yankin Mungo da ke feshi ta sama, da 'yan mishan masu ƙananan jirage, da attajirai masu jet na ƙashin kansu. Abin lura a nan shi ne, wanda sunansa ke jikin jirgi sau da yawa ba shi ke biyan matuƙi ba. Majalisar Ɗinkin Duniya hayar jirgi take yi tare da matuƙansa daga wani kamfani, haka ma kamfanonin mai. In ka kai takardarka ofishin mai haya, za ta kwana a aljihun tebur. Ka rubuta lambar wutsiya, ka bincika kamfanin da ke riƙe da izinin tashi da jirgin, shi za ka nema. Za ka tarar wasu na Najeriya ne ko Kenya ko Afirka ta Kudu. Caverton na Legas, alal misali, ya buɗe reshe a Kamaru. Jet ɗin attajirai kuwa da dama rajistarsu ta waje ce, T7 na San Marino, M na tsibirin Man, N na Amurka, kuma kowace tana da nata sharaɗin lasisi.

Game da awoyinka, zan gaya maka gaskiya. Awa 700 sun fi ƙarfin sabon yaye, wanda ke fitowa da 200, amma ba su kai 1,500 da ake nema don babban lasisin kyaftin ba. Sannan kamfanin inshora da mai haya sukan gindaya nasu adadin, wanda shugaban matuƙa ba shi da ikon ragewa ko yana ƙaunarka. Ƙofarka ita ce kujerar dama, ta mataimaki, a jirgi mai farfela irin Caravan ko Twin Otter ko King Air. Daga nan ake hawa jet. Kada ka sayar da fili ka sayi horon wani samfurin jirgi alhali babu wanda ya ba ka alkawarin aiki a rubuce, domin shaidar tana da wa'adi, in ba ka tashi da ita ba kuɗin sun tafi. Haka nan kada hannunka ya yi sanyi: doka na son tashi uku da sauka uku cikin kwana 90 kafin ka ɗauki fasinja. In za ka iya, riƙe aikin koyarwarka har sai takardun Kamaru sun fito.

Yanzu batun mutane. Zuwa da kai ya fi aike. Filin jirgi ba a shiga sai da izini, don haka ka nemi ganawa ta waya, ka je da safe, da takardar bayaninka shafi ɗaya, Faransanci da Turanci, awoyi a sama inda ido zai fara sauka. Kada ka raina injiniyoyi da masu shirya takardun tashi da masu zuba mai. Su ke fara jin wane kyaftin zai koma Gabas ta Tsakiya, wane kamfani ke jiran sabon jirgi. Tsofaffin ɗaliban kwalejin Zariya, wadda aka kafa a 1964, sun bazu a Afirka, ka neme su. Unguwarka ma jari ce. A masallacin Juma'a na Briqueterie da rumfunan atamfa da wurin masu tsire ake haɗuwa da 'yan kasuwar Garwa da Ngaundare da Marwa, wasunsu sun san masu jirage. Ka bari dattijo ya gabatar da kai, amma ka sani gabatarwa ƙofa kawai take buɗewa, gwajin tuƙi kai za ka yi shi. Hausa da Fulatanci, in kana ji, ka rubuta su a takardarka, domin fasinjan arewa yana sakin jiki da matuƙin da ya gaishe shi da harshensa.

Akwai tarko biyu. Duk wanda ya ce ka biya kuɗi ya sama maka kujera, ka rabu da shi. Na biyu, jirgin ƙashin kai da ake ɗaukar fasinjan kuɗi da shi ba tare da izinin shata ba. A 2024 hukumar Najeriya ta dakatar da izinin wasu masu jirage kan wannan. In abu ya ɓaci, inshora ba za ta biya ba, lasisinka ne a kan gaba. Kafin ka sa hannu, ka tambayi izinin kamfanin, da wanda ke gyara jirgin, da wanda zai biya horon sabuntawa, da kwanakin hutu.

Sannan ka girmama sararin kudancin Kamaru, domin ba irin na Zariya ba ne. Yawunde na da damina biyu a shekara, ga tuddai, ga hazo da sassafe, ga Dutsen Kamaru da ya haura mita 4,000 kusa da Duwala. A watan Mayun 2022 wani Twin Otter da ya tashi daga Nsimalen da ma'aikatan bututun mai ya faɗi a dajin Nanga Eboko, mutum 11 suka rasu. A aikin shata mai jirgi yana zaune a bayanka, yana sauri, watarana zai matsa maka ka tashi cikin hadari. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. A hirar ɗaukar aiki ka tambayi shugaban matuƙa kai tsaye: in kyaftin ya ce ba za a tashi ba, me ke biyo baya? In ya kauce wa tambayar, ka nemi wani kamfanin. Allah ya ba da sa'a.