Ɗigon Mai A Kan Ruwa

'Yan'uwa malamai, ga darasin da nake koya wa yara a Udubo. Ku cika faffaɗan faranti da ruwa, amma a wanke shi sarai, don maiƙo kaɗan yakan ɓata aikin. Ku barbaɗa garin alli, ku ɗiga man gyaɗa da tsinke. Sai garin ya ja baya, man ya shimfiɗu siriri ƙwarai.

A 1935 Katharine Blodgett ta Amurka ta nuna in an tsoma gilashi aka zaro a hankali, irin wannan shimfiɗa takan manne masa. Haka masana ke shafa fallayen girafin, watau ɓawon baƙin dutsen fensir da aka ɓare a Ingila a 2004. Wuyar aikin daidaitawa ce. Inda aka bar rata lantarki ba ya wucewa, inda falle ya hau falle haske ya ragu.