Ciwon Hanji Mai Daɗewa: Neman Tallafi da Biyan Kuɗin Magani

A ziyarar da muke yi gida gida mun sha tarar da mutanen da ciwo ya hana su aiki, amma idan ka gan su zaune a ƙofar gida ba za ka ce da abin da ke damun su ba. Ɗaya daga cikinsu wata mai ɗinki ce, uwar yara huɗu, wadda ta yi kusan shekara uku tana zawo da jini da majina. An ce mata atini ne, ta sha magani. An ce basir ne, ta sha jiƙo. An ce taifot ne, aka yi mata allurai. Kafin ta kai ga likitan da ya gane ciwon, ta riga ta sayar da keken ɗinkinta da awaki biyu, kuɗin kuwa ya ƙare a kan magungunan da ba na ciwonta ba. A darasinmu na wannan fitowa za mu duba irin wannan ciwo, abin da doka ta tanada wa mai fama da shi, da yadda iyali za su tsara kuɗinsu domin kada maganin ya tsaya a hanya.

Wane irin ciwo ne?

Iri biyu ne aka fi sani. Na farko shi ne gyambon babban hanji, wanda yakan fara daga dubura ya yi sama, yana kawo zawo da jini da matsuwar bayan gida wadda ba ta jira. Na biyu shi ne cutar Crohn, wadda ta sami sunanta daga wani likitan Amurka, Burrill Crohn, da shi da abokan aikinsa suka bayyana ta a 1932. Ita tana iya kama ko'ina daga baki har dubura, amma ta fi kama ƙarshen ƙaramin hanji, tana kawo murɗar ciki, ramewa, wani lokaci da ƙurji mai yoyo kusa da dubura.

A duka biyun, garkuwar jiki ce take juyowa tana yaƙar hanjin mai ita. Ba a ɗaukar ciwon daga wani, don haka babu dalilin ware wa marar lafiya kwano ko hana shi shiga mutane. Ya fi farawa a cikin matasa da masu ƙarfin aiki, wato daidai waɗanda gida ya dogara a kansu. Yakan lafa ya kuma tashi. Wannan lafawar ita ce take yaudarar iyalai da yawa: mutum ya sami sauƙi wata biyu, a ce ya warke, a daina sayen magani, sai ciwon ya dawo da ƙarfin da ya fi na da. Magani yana kwantar da shi, ba ya kashe shi.

A ƙasarmu akwai wata wahala kuma. Tarin fuka yana kama hanji, alamunsa kuwa suna kama da na cutar Crohn ƙwarai. Maganin da ke kwantar da Crohn yana rage ƙarfin garkuwar jiki, idan aka ba mai tarin fuka sai ya ƙara masa ciwo. Shi ya sa likita yakan nemi hoton ƙirji da wasu gwaje gwaje, wani lokaci ma ya fara ba da maganin tarin fuka ya ga yadda jiki zai amsa. Kada iyali su ɗauka ɓata lokaci ne. Gwajin da ya fi tabbatar da ciwon shi ne leƙa hanji da na'ura mai kamara, wanda ake kira kolonoskofi, a kuma tsinko ɗan nama a auna. Ana yin sa a manyan asibitocin koyarwa irin na Jos, Zariya da Kano. Yana da tsada, amma mun lissafa abin da mai ɗinkin nan ta kashe a kemis da wurin masu jiƙo cikin shekara uku, ya ninka kuɗin gwajin.

Abin da doka ta ce, da abin da ba ta ce ba

Gara mu faɗi gaskiya tun da wuri. A Ingila da Amurka akwai tsarin da gwamnati ke biyan wanda ciwo ya hana shi aiki kuɗi a kai a kai, masu ciwon hanji ma suna nema. Gwamnatin Tarayyar Nijeriya ba ta da irin wannan albashi na nakasassu ga kowa da kowa. Wasu jihohi sun gwada nasu, kamar Jigawa da ta fara biyan wasu nakasassu naira 7,000 a wata a 2007, zamanin gwamna Sule Lamido. Duk wanda ya zo ya ce ku ba shi kuɗi zai sa sunanku a cikin masu karɓar albashin nakasassu na tarayya, ku riƙe kuɗinku.

Abin da muke da shi shi ne dokar hana nuna wa nakasassu bambanci ta 2018, wadda shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, aka kuma kafa Hukumar Nakasassu ta Ƙasa a 2020. Dokar ba ta jera sunayen cututtuka ba. Ta yi maganar tawaya mai daɗewa a jiki, ko a hankali, ko a gani da ji, wadda take hana mutum shiga harkokin jama'a daidai da sauran mutane. Saboda haka tambayar da za a yi ba sunan ciwon ba ne, me ya hana mutumin yi, kuma tun yaushe. Wanda magani ya kwantar masa da ciwo yana zuwa gona ba shi da hujja mai ƙarfi. Wanda yake zagawa sau goma a rana, ko aka yanke masa hanji aka fitar masa da ƙofar bayan gida ta ciki yana ɗaure da jaka, maganarsa dabam ce.

Dokar ta tanadi takardar shaidar nakasa. Akwai ta wucin gadi wadda ba ta wuce kwana 180, akwai kuma ta dindindin wadda hukumar ke bayarwa bisa shawarar likita. Neman takardar da ƙarya laifi ne. Takardar ba kuɗi ba ce, amma tana da amfani: dokar ta ce a fara sauraron nakasassu a wurin layi, ta ce hukumomin gwamnati su ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, ta kuma sa tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutumin da ya nuna musu bambanci, kamfani kuwa naira miliyan ɗaya. Ga wanda ba ya iya riƙe bayan gida na minti goma, zancen layi ba ƙaramin abu ba ne.

Ga ma'aikaci mai asusun fansho akwai wata ƙofa. Dokar fansho ta 2014 ta yarda wanda likita ko kwamitin likitoci suka tabbatar ba zai iya ci gaba da aikinsa ba ya yi ritaya ya taɓa asusunsa kafin ya kai shekara 50. Wanda kuma ya rasa aiki ya yi wata huɗu bai sami wani ba yana iya neman kashi 25 cikin 100 na abin da ya tara. A nan muna gargaɗi: kada ma'aikaci ya gaji ya daina zuwa aiki shiru kawai. Wanda ya ɓace daga wurin aiki ana iya korarsa, wanda ya kai takardar likita yana da abin tsayawa a kai. Dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010 kuwa ta shafi rauni ko ciwon da aiki ya jawo ne, wannan ciwo ba ya cika shiga ciki, kada a ɓata kuɗin mota a kanta.

Takardar likita

A ganinmu nan ne yawancin masu nema suke faɗuwa. Ciwon na ɓoye ne, kuma na kunya. Likita ya tambaya yaya jiki, marar lafiya ya ce da sauƙi, domin haka aka tarbiyyantar da mu. Mace ba za ta iya gaya wa namiji baƙo cewa ta ɓata zanenta a cikin motar haya ba. Sai likita ya rubuta layi biyu, wanda zai karanta takardar a ofis kuma ya ga mutum tsaye da ƙafafunsa, ya ce ai wannan lafiyarsa ƙalau.

Abin da muke koya wa iyalai shi ne su sayi ƙaramin littafin rubutu na 'yan makaranta. Kowace rana a rubuta sau nawa aka zaga da rana, sau nawa da dare, ko akwai jini, ko an iya fita aiki ko ba a iya ba. Idan marar lafiya bai iya rubutu ba, ya yi zane ɗaya ɗaya, ko yaro ya rubuta masa. Bayan wata guda a kai wa likita littafin, a roƙe shi ya sa waɗannan cikin rahotonsa: sunan ciwon, gwajin da ya tabbatar da shi, shekarar da ya fara, sau nawa aka kwantar da mutum, da ayyukan da ba ya iya yi. A tabbata akwai hatimin asibiti da sa hannu. A yi kwafi da yawa, kada a taɓa barin ta ainihi a kan teburin kowa. Mun taɓa raka wani dattijo wani ofis sau uku muna neman takardarsa ɗaya tilo da ya miƙa, har yau ba a gan ta ba, sai da ya sake biyan kuɗin rahoto.

A haɗa da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN da hotuna, domin kusan kowane ofis zai nema.

Inshorar lafiya da kuɗin magani

Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya. Dokar inshorar lafiya ta 2022 kuma ta wajabta inshora ga kowa, ta tanadi asusun marasa ƙarfi wanda ya haɗa da nakasassu da matalauta. Ana yin rajista ta hannun hukumar inshorar lafiya ta jiha, sau da yawa a asibitin shan magani na mazaɓa. Gurabe ba su da yawa, sai an bi an sake bi. Kafin a yi murna kuma a tambaya a fili: wane gwaji da wane magani inshorar ta ɗauka, kuma yaya ake samun takardar turawa babban asibiti? Ko da ba ta ɗauki maganin hanjin ba, idan ta ɗauki gwajin jini da kuɗin gado ta rage kaya. A manyan asibitoci akwai ofishin jin daɗin marasa lafiya da ake kira sosiyal welfiya, inda ake duba halin marasa ƙarfi, wani lokaci a rage musu kuɗi. Mutane da yawa suna wuce ƙofarsa ba su san aikinsa ba.

Game da magani, a gaya wa likita gaskiyar aljihu. Sulfasalazine ya fi mesalazine araha, kuma yana yi wa masu gyambon babban hanji da yawa aiki, sai dai akan haɗa shi da ƙwayar folik asid, kuma bai dace da wanda jikinsa ba ya karɓar magungunan sulfa ba. Azathioprine yana buƙatar gwajin jini a kai a kai, a sa kuɗin gwajin cikin lissafi. Allurai irin su infliximab sun fi ƙarfin yawancin iyalanmu. Gara maganin da za a iya saye wata goma sha biyu da wanda za a sha wata biyu a tsaya.

Tarkon da muka fi gani shi ne prednisolone. Yana da araha, yana cikin kowane kemis, yana kuma kawo sauƙi cikin kwanaki kaɗan, sai mutum ya mai da shi abincinsa. An yi shi ne domin ɗan lokaci. Idan aka daɗe ana sha yana kumbura fuska, yana jawo ciwon sukari da hawan jini da yanar ido, yana cinye ƙashi. Wanda ya daɗe a kansa kuma ba ya tsayawa rana ɗaya, sai likita ya riƙa rage masa a hankali. Haka nan magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen suna iya ta da ciwon, a nemi farasitamol a maimakonsu. Taba sigari tana ƙara cutar Crohn.

Iyali su zauna su rubuta kuɗin shekara guda, ba na wata ba: magani, gwaji, kuɗin mota zuwa asibiti na mutum biyu, abinci a hanya, jakunkunan bayan gida ga wanda aka yi wa aiki, da ɗan abin da za a ajiye domin ranar da ciwon zai tashi. Idan aka ga jimillar, 'yan'uwa sun fi yarda kowa ya ɗauki wata guda, maimakon a riƙa buga musu waya da tsakar dare. Abu na ƙarshe da za a sayar shi ne abin da ke kawo kuɗi. Ƙungiyar adashin matan unguwarsu ce ta saya wa mai ɗinkin nan wani keke, tana biya kaɗan kaɗan, tana kuma ɗinki a gida kusa da ban ɗakinta, a ranakun da jiki ya yarda.

Akwai lokacin da ba a jiran lissafi. Idan jini ya yi yawa, ko zazzaɓi mai zafi ya haɗu da kumburin ciki, ko amai ya hana shan ruwa, a tafi asibiti nan da nan, a riƙa ba da ruwan gishiri da sukari a hanya idan yana iya sha. Dokar 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar wanda ke cikin halin gaggawa.

Aikin ƙungiya

Kafin taro na gaba, mutum biyu su je asibitin shan magani na mazaɓarku su tambayo ranar rajistar inshorar marasa ƙarfi da takardun da ake nema, su rubuto su kawo. Wasu biyu kuma su zaga kasuwa da makaranta da wurin taronku su duba ko akwai ban ɗaki mai ƙofa da ruwa wanda mutum zai iya kaiwa da sauri ba sai ya nemi mai makulli ba.